Dam Ya Tara Ruwa, Bai Tara Sanyi Ba

Ya ku manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa na gona.

Babu wanda zai ba ku labarin dam ɗin Bakolori. An datse Gulbin Sakkwato a ƙasar Maradun, kamfanin Impresit na Italiya ya gama ginin a 1978, da nufin shayar da gonaki hekta 23,000. Dattawanku kuma ba su manta da 1980 ba, shekarar da aka zubar da jinin manoman da suka tashi neman diyyar gonakinsu. Ruwan da aka samu da irin wannan tsada ba abin wasa ba ne. Sai dai ku lura, ruwa kaɗai dam ya tara. Sanyi da zafi suna nan suna zuwa a lokacin da Allah Ya yanka musu, ba sa jiran kowa.

Mu ɗauki alkama. Ita 'yar hunturu ce. Tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin ta yi 'ya'ya, ta fitar da kai, ta cika ƙwaya tun dare yana da sanyi. Kamar wata uku take bukata. To, wanda ya kai Janairu bai shuka ba, alkamarsa za ta shiga cika ƙwaya a Maris, lokacin da zafin ƙasar nan ya doshi digiri 40. Daga nesa gonar sai ka rantse ta yi kyau. Amma tsinko zangarniya ɗaya, ka murza a tafin hannu, ka hure ƙaiƙayin. Za ka ga ƙwaya a motse, siririya, ba nauyi. Ko ruwan dam ɗin duka ka juye mata, ba zai mayar da sanyin da ya wuce ba. Gaskiya ne Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar da irin da ke jure zafi, ku neme shi wurin malamin gona, amma juriya ma tana da iyaka.

Me ke sa mutum ya makara? Sau da yawa ba ragwanci ba ne, shinkafar damina ce ta tare gonar. An zauna jiran ruwan sama kafin a yafa iri, dashe ya ja baya, yanka ya kai Disamba, ita kuma alkama ta biya bashin da ba ta ci ba. Abin mamaki, mai ruwa a bakin gonarsa yana ɗaga kai yana duban hadari! In an saki ruwa, yafa irinka da shi, ka dasa yana da mako uku, ka zaɓi mai saurin nuna irin su FARO 44. A nan ne ƙungiyar masu amfani da ruwa take da aiki: ta zauna da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tun da wuri, kowa ya san ranar buɗe ruwa da ranar rufewa.

Shinkafar rani kuwa akasin alkama ce. Sanyin Disamba da Janairu yana tsumburar da irin da aka yafa, ganye ya yi ɗorawa. In kuma ta yi fure a tsakiyar zafin Afrilu, kai zai fito da yawa ba ƙwaya. Tumatir ma zubar da fure yake yi in bazara ta kama shi.

Wannan lissafi ba ku kaɗai ke yinsa ba. A Hunƙuyi, kusa da Zariya, akwai masu gonakin inabi. Shi inabi in ruwan sama ya same shi yana nuna, 'ya'yan sukan tsage su ruɓe, saboda haka sai a daidaita lokacin datse rassa yadda nunar za ta faɗo cikin rani.

Saura maganar damina da kaka. Hukumar kula da yanayi ta NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ku saurara a rediyo. Ku yashe magudanai kafin Agusta, don gonar da ruwa ya kwanta a cikinta ba mafita, gishiri ne zai taso mata daga baya. Kada kuma ku yarda da Oktoba. Sau nawa hadarin ƙarshe ya tarar da shinkafa a zube a ƙasa, ta jiƙe, ta yi tsiro? Ku tanadi tamfol tun kafin ku wasa lauje. In an sussuke a shanya a kai, a riƙa juyawa. Kafin a ɗinke buhu, mai gona ya ɗauki ƙwaya ya ciza. In ta ce ƙas, a kai ɗaki. In ta lotsa a haƙori, a ƙara mata yini guda a rana.