Kada Ka Sa Hannu Kafin Ƙunar Ta Warke

Wani yaron unguwarmu yana aiki a gidan burodi. Rannan tukunyar gas ta yi yoyo, wuta ta tashi ta cinye masa hannun dama tun daga yatsu har gwiwar hannu. Kwanansa uku a asibiti sai ga maigidansa da dattawa biyu. Ya ajiye kuɗi a ambulan, ya miƙa wa mahaifin yaron takardar sulhu, tsohon ya dangwala yatsa yana ta godiya. Bayan wata huɗu fatar ta tattare, yatsu uku suka ƙi miƙewa, likita ya ce sai an yi dashen fata. Kuɗin ambulan kuwa tun a wankin ciwo suka ƙare.

Abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Ƙuna ba ta nuna iyakar ɓarnarta a makon farko. Tabon da ke janye fata a wuya, hammata ko yatsu sai bayan watanni yake bayyana. Duk wanda ya karɓi kuɗin sallama tun ciwo yana ɗanye ya sayar da haƙƙin da bai san girmansa ba. Ka karɓi taimakon magani, babu laifi, amma a rubuta cewa kuɗin jinya ne kawai. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya ma haka suka tafi: ba a ƙiyasta diyyar rauni sai ya warke an ga abin da ya bari.

Kafin zancen kuɗi, a ceci fatar. A sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, tsawon minti 20. A cire zobe da agogo kafin kumburi. Don Allah a bar ɗanyen ƙwai, man goge baki, manja da toka, datti suke ƙara wa ciwon. Tafin hannun majinyaci da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Idan ƙunar ta fi haka faɗi, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko ta lantarki ce, ko ta asid, ko yaro ne ƙarami, a nufi asibiti. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da sashen ƙuna da gyaran fata.

Shaida kuma daga ranar farko ake tara ta. A ɗauki hoton ciwon duk mako, da hoton wurin da abin ya faru. Tukunyar gas ɗin, ko risho, ko ragowar kalanzir ɗin da ake zargin an gauraya shi da fetur, a ajiye su yadda suke, kada a jefar, kada a mayar wa mai kaya. A sami leda guda a riƙa zuba kowane rasit, har na auduga da bandeji. A rubuta sunaye da lambobin waɗanda suka gani da ido, sannan a nemi rahoton likita a rubuce.

Idan a wurin aiki ne, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 tana bayanka. Ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun diyyar ma'aikata na hukumar NSITF, kuma ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba kafin a biya ka. Sai dai akwai wa'adi: ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14, su kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7, kai kuma ka shigar da buƙatarka cikin shekara 1. Ka yi sanarwar a rubuce, ka riƙe kwafi. In suka yi kunnen ƙashi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

In kuwa kaya mara kyau aka sayar maka, hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi. In sakacin wata hukumar gwamnati ne, yi hanzari, domin dokar da ke kare jami'an gwamnati tana iya rufe ƙofar ƙara bayan wata 3 kacal. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta a babban birnin jiharsa.

Na san abin da za a ce a zaure: ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ƙaddara gaskiya ce, amma addinin da ya koya mana imani da ita shi ne ya shar'anta diyya. Yafiya tana da lada idan mai haƙƙin ne ya yafe da kansa bayan ya san abin da yake yafewa. Iyaye, kada ku yafe a madadin yaron da zai ƙare rayuwarsa da wannan hannun. Kafin ku dangwala yatsa a kowace takarda, ku kai ta wurin lauya ya karanta muku.