Ɗaukar Hoton Faffaɗan Sararin Sama: Matsalolin da Za Ka Tarar Daga Kafa Kyamara Zuwa Gyaran Hoto

Mai karatu, idan ka taɓa ɗaga kyamara sama da daddare, ka ɗauki taurari, sannan ka duba ka ga baƙin allo mai yashi-yashi da ɗigon haske masu jela, to wannan darasi naka ne. Za mu yi magana kan ɗaukar yanki mai faɗi na sama a hoto guda, kamar rukunin taurarin Oriyon baki ɗaya, ko Kaza Mai 'Ya'ya da abin da ke kewaye da ita. Irin wannan aiki ba ya buƙatar ƙaton madubin hangen nesa. Kyamara mai canza gilashi da gilashi daga milimita 14 zuwa 135 sun wadatar. Sai dai kuskure ɗaya wajen shiri yana iya ɓata maka dare guda, kuma babu manhajar da za ta gyara shi daga baya.

Matsala ta farko: duniya ba ta tsayawa

Duniya tana kammala juyi ɗaya a awa 23 da minti 56, wato sama tana gusawa kimanin digiri 15 a kowace awa. Hasken taurari kuma rauni gare shi, dole a bar idon kyamara a buɗe na daƙiƙoƙi masu yawa. Idan ka wuce ƙima, tauraro ya koma layi.

Masu wannan harka suna amfani da dokar 500: ka raba 500 da tsawon gilashinka. Gilashin milimita 24 a kyamara mai cikakken faranti zai ba ka kusan daƙiƙa 20. Idan ƙaramin faranti ne na APS-C, ka fara ninka tsawon da 1.6 a Canon, ko 1.5 a Nikon da Sony. Misali, milimita 18 a Canon ya zama 28.8, wanda zai ba ka daƙiƙa 17. Kyamarorin zamani suna nuna jelar tun kafin nan, don haka mutane da yawa suke sa 300 a madadin 500.

Maganin dindindin shi ne na'urar bin taurari, kamar Sky-Watcher Star Adventurer ko iOptron SkyGuider Pro. Tana zama tsakanin kyamara da mai ƙafa uku, tana juyawa daidai da juyin sama, har ka iya buɗe kyamara minti biyu ko fiye.

Matsala ta biyu: saita na'ura da tauraron arewa

Na'urar ba za ta yi aiki ba sai sandar juyinta ta fuskanci ƙusar sama ta arewa, wadda tauraron Polaris yake kusa da ita da ƙasa da digiri ɗaya. Tsayin Polaris daga ƙasa daidai yake da nisan garinka daga layin ikwaita. A Kano kimanin digiri 12 ne kawai, a Agadas kuma kusan 17. Ke nan katanga ko bishiyar darbejiya tana iya tare shi, ƙurar hunturu kuma a can ƙasa ta fi kauri. Ka zaɓi wurin da arewa take a buɗe tun da rana. Kafin ka sayi na'ura, ka tabbata mazauninta yana sauka zuwa ƙananan digiri, domin wasu an ƙera su ne da tunanin ƙasashen Turai da Amurka. Bayan saiti, kada ka sake taɓa ƙafafun. Ko ɗan tuntuɓe ya isa ya sa ka koma farko.

Matsala ta uku: fokos da gefunan hoto

Fokos na kai-tsaye ba ya kama taurari. Ka kashe shi, ka nemi tauraro mai haske kamar Siriyus, ka girmama shi sau goma a allon kyamara, ka juya gilashi a hankali har ya zama ɗan mitsitsin ɗigo. Akwai wani faifai mai tsaga-tsaga da Pavel Bahtinov ɗan Rasha ya ƙirƙiro a 2005. Ana ɗora shi a gaban gilashi, tauraro ya fito da layuka uku, idan na tsakiya ya daidaita, fokos ya yi. Ka riƙa dubawa duk bayan awa ɗaya, domin sanyin dare yana gusar da shi.

A buɗewa mafi girma, kamar f/1.4, taurarin kusurwa sukan fito kamar tsuntsaye masu fukafukai, kuma kusurwoyin sukan yi duhu. Rage buɗewar zuwa f/2.8 yana sassauta duka biyun. Mai amfani da ƙaramin madubin hangen nesa kuma yana buƙatar gilashin daidaita fili, wanda galibi tazararsa da farantin kyamara milimita 55 ce. Idan tazarar ta kauce ko da kaɗan, taurarin gefe za su miƙe.

Matsala ta huɗu: yashi-yashi

Hoto ɗaya ba ya isa. Ana ɗaukar da yawa a haɗa su, domin hasken tauraro yana nan a wuri ɗaya, yashi-yashi kuwa yana sauya wuri. Lissafin shi ne: hotuna 16 suna ninka tsabta sau 4, hotuna 64 sau 8. Ka ɗauka a tsarin RAW, wanda a bit 14 yake riƙe matakan haske 16,384, alhali JPEG 256 kawai yake riƙewa.

Zafi ma yana ƙara ɓarna. Duk ƙarin digiri shida ko makamancin haka yana ninka hayaniyar zafi a faranti, shi ya sa daren Afrilu ya fi na Disamba wahala. Don cire waɗannan lahani ana ɗaukar hotunan gyara iri uku. Na duhu: a rufe gilashi, a bar saiti da tsawon lokaci yadda suke, a yanayin zafi ɗaya. Na fari: a ɗauki farin allo mai haske bai-ɗaya ba tare da an taɓa fokos ba, su ne ke cire duhun kusurwa da inuwar ƙura. Na uku su ne masu mafi gajeren lokaci, gilashi a rufe. Guda 20 zuwa 30 na kowanne sun isa.

Matsala ta biyar: gyara a kwamfuta

DeepSkyStacker da Siril da Sequator duk kyauta ne. Sequator ya dace da hoton da ya haɗa sama da ƙasa, domin yana jera taurari ya bar bishiya da dutse a tsaye. Wajen haɗawa ka zaɓi tsarin da ke watsar da abin da ya fito a hoto ɗaya kawai, shi ke goge layukan jiragen sama da taurarin ɗan'adam irin na Starlink, waɗanda suka yawaita tun 2019.

Babban ciwon kan faffaɗan hoto shi ne hasken gari. Yakan sa gefe ɗaya ya yi ja ko ruwan goro, ɗayan ya yi duhu. Siril tana da wurin cire shi, haka ma GraXpert. Amma a hoton Oriyon, inda hayaƙin taurari ya mamaye fili, idan ka ɗora alamun awo a kan hayaƙin, manhajar za ta ɗauke shi a matsayin datti ta share. Ka sa su a inda sama take wayam. Bayan haka ka ja hasken a matakai ƙanana. Kada ka mayar da sama baƙi ƙirin, domin da shi ake kashe abubuwa masu rauni da ka kwana kana tarawa.

Yadda za ka fara

Oriyon yana kan layin ikwaita na sama, yana hawa can sama daga Disamba zuwa Fabrairu, inda ƙura ta fi sauƙi. Ka zaɓi daren da babu farin wata, ka fita bayan gari wurin da ka amince da tsaronsa, kada ka je kai kaɗai. Da gilashin milimita 50 a f/2.8 da ISO 1600, ka ɗauki hotuna 100 na daƙiƙa 5, kana mayar da Oriyon tsakiya lokaci zuwa lokaci. Ka haɗa su da hotunan gyara a Siril. A ƙarƙashin taurari ukun nan da ke jere za ka ga hayaƙin M42, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara kusan 1,350 kafin ya iso gilashinka. Idan ka ƙware a wannan, sannan ka yi maganar sayen na'urar bin taurari.