Amsar Tambaya: Cika Harsashi a Gida

Tambaya: Ina karatu a Amurka. Abokaina suna sake cika kwanson harsashin ƙaramar bindiga a gida don nishaɗi. In bi sahunsu?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka soma. Gaskiya ne dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya cika wa kansa muddin ba sana'a ya mai da abin ba, amma ta hana mai bizar karatu mallakar harsashi, har kwanso da albarushi, sai in yana da irin su lasisin farauta. Abokanka za su ce maka ya fi araha. Ina arahar take, alhali albarushi in ya zarce awo yana iya tarwatsa bindiga a hannunka, ƙurar dalmar harsashi kuma ta bi tufafinka har cikin ɗaki? Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ka tsare lafiyarka da bizarka, ka kama karatun da ya kai ka.