Ɗana, Ka Ajiye Littafi Kusa da Rumbu

Ɗana, na ga ka zama manomi na sosai, har tsara sun fara zuwa neman iri wurinka. Saura abu ɗaya da nake so ka ɗora a kan noman, wato rubuta abin da shekara ta zo da shi. Kada ka ce aikin malaman jami'a ne. Zauna ka ji labarin wani mutum.

Sunansa Malam Abdulƙadir ɗan Mustafa, amma an fi saninsa da Ɗan Tafa. An haife shi a 1804, shekarar hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, ya rasu a 1864. Mahaifiyarsa Nana Khadija 'yar Shehu ce. A Salame ya zauna yana karantarwa, cikin karkara, inda malami da almajiransa kan koma gona idan damina ta faɗi, su ɗauki allo idan an dawo. Yana da shekara ashirin ko kusa da haka ya rubuta Raudatul Afkar, ɗan ƙaramin littafi da ya jero sarakunan Gobir da yaƙoƙinsu, ya kuma bi shekarun jihadi ɗaya bayan ɗaya. Babari da ya ci Birnin Zamfara, Bawa Jan Gwarzo, Yakuba, Nafata, har Yunfa da aka kashe ranar da Alƙalawa ta faɗi a 1808, duk suna ciki. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya ratso ƙasar Sakkwato a 1853, ya gana da shi, ya kuma yaba iliminsa ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne rashin ado. Shekara kaza an yi kaza, wane ya ci sarauta, wane ya mutu.  Mu Gobirawa muna iya cewa jikan Shehu ne, ta ɓangarensu ya kalli al'amarin, kuma akwai gaskiya a wannan magana. To amma shi ya rubuta, mu kuwa yawancin namu muka bar wa makaɗa da maroƙa. Yau duk mai son lissafin shekarun sarakunan Alƙalawa, wadda kufanta ke nan kusa da mu a bakin gulbin Rima, sai ya bi ta hannunsa.

Sai dai littattafan irin nasa na sarakuna ne da mayaƙa. Za ka ji an gwabza a Gawakuke a 1836, Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Gobirawa suka koma Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya dawo da jama'arsa ya kafa wannan Sabon Birni da muke ciki. Wa ya gaya mana nawa ake sayar da damin gero a shekarar da aka gina ganuwa? Wace gona aka fara sara? Ba wanda ya rubuta. Da Baba ta Karo, tsohuwa daga gidan manoma a ƙasar Zazzau, ba ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith a 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta ba, da abubuwa da yawa na zaman gandu da aure da bauta sun bi ta kabari. Wannan gurbin, na talaka da gonarsa, shi nake so ka cike.

Ga yadda za ka yi. Sayi littafin 'yan makaranta mai bango mai kauri, da biro, don fensir yana gogewa. Ko da boko ko da ajami, wanda hannunka ya fi sabawa. Ranar da aka yi ruwan shuka ka rubuta, da kwanan watan Musulunci da na Bature. Ka sa ko shukar ta tsira ko sai da aka sake shuka, ranar noman farko da maimai, ranar da gero ya yi bununi, dami nawa ka ɗaure a jigawa, buhu nawa na albasa ko shinkafa fadama ta bayar. Ka sa kuɗin tiyar gero a kasuwar Sabon Birni da kaka, ka sake sawa a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Layi biyu ko uku sun isa. Iyakar gona kuwa ka ba ta shafinta daban: daga kukar nan zuwa aduwar can, layin gamba ta gabas, wanda aka yi aro ko jingina da shi, da shaidun da suka tsaya. Rigimar gado da yawa da na gani a gaban alƙali, rashin wannan shafin ne ya jawo ta.

Kakanninmu sun laƙaba wa yunwa suna don kada a manta, kamar Kakalaba ta 1914. Mu mun ga farin 1973 da na 1984, mun ga ambaliyar 2010 da ta cinye garuruwan da ke ƙasa da madatsar Goronyo. Amma ka tambayi dattawa uku yadda aka yi, za ka ji zance uku.

Bala'in zamaninku ya fi waɗannan nauyi. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Isa da Sabon Birni, ƙauyuka sun watse, wasu sun tsallaka jihar Maradi, gonaki sun koma daji. Ka rubuta ranar da aka tashi, gidaje nawa, ina kowa ya nufa, wa ya rasu. Ka bambanta abin da ka gani da abin da aka gaya maka, kuma kada fushi ya sa ka ɗora wa wata ƙabila laifin da wasu mutane suka yi. Sunan da zai jefa wani cikin haɗari ka bar shi tukuna.

Ka sa littafin cikin leda, ka rufe a gwangwani saboda gara da ɗigon ruwa. Duk ƙarshen kaka ka ɗauki hoton shafukan da waya, ka tura wa ƙanenka da ke karatu a Sakkwato. Ka fara rubutun da abin da za ka ji daga bakin gwaggonka, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san iyakokin gonakin gidanmu na fadama. Ka je mata da goro ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin ne ta fi sakin baki.