Kafin a raɗa wa jaririya suna

  Ɗana, an gaya mini sunan da ka zaɓa wa yarinyar, Arwa, har kana murna cewa duk unguwar Birni babu mai irinsa. Tunda da sauran kwanaki kafin a yanka rago, ka ba ni aron kunnenka.

Sunan ba shi da aibi a asalinsa. Gwaggon Manzon Allah (SAW), 'yar Abdulmuɗɗalib, Arwa ce, haka ma mahaifiyar Sayyadina Usmanu. A Yaman an yi wata sarauniya mai wannan suna, ta daɗe tana mulki kafin rasuwarta a 1138. Duk malamin da ka tambaya zai ce ya halatta.

Sai dai yarinyar a Damagaram za ta tashi, kunnen Bahaushe ne zai riƙa jin sunanta. A Hausarmu arwa ita ce duba, irin wanda ake zana ƙasa don faɗin gaibu. Tsofaffi sun san kalmar sarai, yara kuma ba sa rasa abin tsokana a makarantar allo. Wanda bai san kalmar ba, "Arewa" zai ji, ita kuma ta yi ta gyara wa mutane har ta gaji ta bari.

Ka san halin harshen garin nan, inda Bahaushe da Babarbare da Buzu da Bafulatani suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Muhammadu ya zama Mamman, Ibrahim ya zama Brah, Abubakar ya zama Bukar, Faɗimatu ta zama Falmata a bakin Barebari. Babu wanda ya damu, domin kowa ya san gidan da waɗannan sunaye suka fito, ko an lanƙwasa su ana gane su. Baƙon suna ba shi da wannan gata. In ya karkace a bakin kakarta ranar suna, haka zai zauna, babu mai miƙe shi. Wani lokaci karkacewar har ma'ana take taɓawa. Annabi ya canja wa wata mata suna daga Asiya mai nufin mai saɓo zuwa Jamila, alhali Asiya matar Fir'auna suna ne mai daraja. A Larabci haruffansu daban ne, a bakinmu kuwa ɗaya suke fita.

Bayan baki sai alƙalami. Takardunmu da rubutun Faransanci ake yin su. Sarki Tanimu da ya kewaye Birni da ganuwa, a littattafai Tanimoune yake, Shu'aibu kuma Chaibou. Je ka da takardar Chaibou ta hanyar Matamaye zuwa Daura ko Kano ka ji yadda za a karanta ta. Waɗannan ma sanannun sunaye ne. Naki fa, ya jaririya? Ma'aikacin magajin gari zai iya rubuta Aroua, malamin makaranta ya sa Arwa, ranar jarrabawa a ce takardu sun saɓa, gyara kuma sai an dangana da kotu.

Ban ce ka janye ba, haƙƙinka ne na uba. Amma ka zauna da mai jego ka ji ta bakinta, ita za ta fi kowa kiran sunan nan. Ka kai wa mahaifiyarka, ka faɗa mata sau ɗaya, ka saurari yadda za ta maimaita. Akwai kuma hanyar da iyayenmu suka bi: a yi wa tsohuwa takwara, a raɗa A'ishatu ko Hadiza, sannan a nemo sunan alkunya mai daɗi da za a riƙa kira a gida. Ni wannan na fi so, don tsohuwa za ta ji an girmama ta, yarinya kuma tana da sunan da za ta shiga ko'ina da shi.

In kuwa zuciyarka ta tsaya a kan Arwa, to bismilla. Ka gaya wa liman tarihin masu sunan tun da dare, ya bayyana wa jama'a da safe lokacin da ake rabon goro da dabino. Takardar haihuwa kuma kada ka aiki kowa. Ka je da kanka da sunan a rubuce, ka duba harafi bayan harafi kafin a buga hatimi.