Gaiwa, kifin da ke jiran damina

Kifin teku in ya rasa ruwa, mutuwa yake yi. Gaiwa kuwa, wadda masunta ke kamawa a tafkin Madarunfa, tana da huhu, tana shaƙar iska kamar mu.

In tafki ya soma ƙafewa, sai ta shige laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar ƴar kafar shan iska. Haka za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, har ruwa ya sauka.

A nan Dakoro, tafkunanmu da yawa ba su kai bazara. Ko sun bushe, kada mu yar da gwangwanin maganin ƙwari a ciki. Ruwan farko zai jiƙa gubar, ta kashe abin da ke kwance cikin laka, dabbobinmu kuma su sha.