Yadda ake samar wa miji ko mata baƙi takardun zama ɗan Kwaddibuwa

A unguwannin Adjamé da Treichville na Abidjan auratayya tsakanin 'yan Nijar ko Najeriya da 'yan Kwaddibuwa daɗaɗɗen abu ne. Ana ɗaura aure a masallaci, a raba goro, a yi addu'a a watse. Sai dai dokar auren Kwaddibuwa ta 2019 ba ta san da wannan ɗaurin ba. Auren da aka yi a gaban jami'in rajista kaɗai take lissafawa. Don haka aikin takardu daga meri yake farawa, wato ofishin magajin gari na gundumar da ɗayanku yake zaune.

Kafin ku je, kowa ya nemo sabon kwafin takardar haihuwarsa. Baƙon ya haɗa da katin shaidarsa da takardar da ke nuna babu wani aure a kansa. A nan ake shan wahala, domin wanda aka haifa a Maraɗi ko Katsina sai ya aika gida, takardar ta biyo mota. Idan ta iso, a duba rubutun sunan da kyau. Mahamadou a wata takarda, Muhammadu a wata, ya isa a mayar da mutum baya. Daga nan a ajiye takardu, a liƙa sanarwa, ranar aure ku zo da shaidu biyu, a ba ku littafin iyali. Shekarun aure 18 ne ga kowa.

Mace ɗaya doka ta sani, tun 1964. Mai mata biyu ya sani cewa ta biyun ba ta da ƙofar shiga ta hanyar aure, ko da ita ce ta fi daɗewa a Abidjan.

Sai jira. Gyaran da aka yi wa dokar zama ɗan ƙasa a 2013 ya daidaita miji da mata: a lokacin, duk baƙon da ya auri ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa, ranar auren yake zama ɗan ƙasa. Gwamnati ta ce auren bogi ya yi yawa, aka sake gyara dokar a 2024. Yanzu sai aure ya shekara 5 kafin baƙon ya shigar da buƙatarsa ga ministan shari'a, ko shekara 3 idan sun haifi 'ya'ya biyu, kuma ba ya zama ɗan ƙasa sai an amince. Daga ranar meri ake ƙirga shekarun. A ganina nan ne adalcin ya gaza: matar da ta shekara 20 a ɗakin mijinta da ɗaurin masallaci, ta aurar da 'ya'ya, daga sifiri za ta fara ƙirge, daidai da amaryar jiya. Cikin shekarun jiran, kada a yar da rasit ɗin haya da takardun wuta da ruwa na CIE da SODECI. Suna taimakawa wajen nuna gida ɗaya kuke.

Yara ba su cikin wannan jira. Yaron da uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun haihuwa, muddin takarda ta tabbatar da dangantakar. Haihuwa a Abidjan kawai ba ta wadatar ba. A yi masa rajista cikin wata 3. In an makara, sai an je kotu neman hukuncin da zai maye gurbin takardar haihuwa. Da takardar haihuwarsa da shaidar mahaifin da yake ɗan ƙasa ake karɓar takardar zama ɗan ƙasa a kotu, kamar ta Plateau, sannan hukumar ONECI ta yi masa katin shaida idan ya isa.

Masu shirin komawa gida da iyali su lura. Sashe na 26 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba matar ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma bai ba mijin 'yar Najeriya ba. Nijar kuwa ta gyara tata dokar a 2014, mace ma tana iya ba mijinta baƙo ƙasarta.